Warin Man Shanu a Ɗakin Kaji

Zaman makokin Gwaggo ba gawa muka yi shi. Mu na Allah ne, wurinSa kuma za mu koma. Na faɗa da bakina, na sake faɗa wa duk wanda ya miƙo mani hannu, amma ban kama makararta ba, ban zuba mata ƙasa ba. An riga an rufe ta can bayan Runka kafin labari ya iso mu Batsari. Haka muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwar mutuwar da ba mu gani da idonmu ba.

Jama'a ta zo, ba zan yi butulci ba. Abokan aikina malaman firamare sun zo gaba ɗayansu, limamin unguwa ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Cikin gida kuwa ba wurin taka ƙafa, matan da suka gudo daga ƙauyukan Safana sun cika shi. Maiɗakina ta ce wata tsohuwa 'yar Zakka ta yi ta kuka, tana cewa tun da ta shigo garin nan ba wanda ya taɓa tambayarta sunayen shanunta da aka kora sai Gwaggo. Mai gashin kaji na bakin tasha, wanda ke sayen kajinmu, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya tashi zai tafi, sai ya dawo ya sake durƙusawa.

"Malam, tsohuwar nan ta wanke ni tas ba sau ɗaya ba," in ji shi. "Wai don ina ɗaukar kaji ta ƙafa, kansu a ƙasa. Ta ce in ni aka ɗauka haka ya zan ji. Yanzu wallahi ko ba ta wurin rungumarsu nake yi, har abokan sana'a na yi mani dariya."

Aka ɗan murmusa, aka ce Allah Ya jiƙanta. Baffa kuwa, ƙanen mahaifina da ya zo daga Safana, bai murmusa ba. Ya jira har mutane suka ragu, ya matso ya yi ƙasa da murya. "Kai ne mai ilimin cikinmu. A hannunka take, tana ci tana sha. Ya aka yi ka sake ta ta koma dajin nan?" Na kau da kai, don kada in yi kuka a gaban maza. Amma na san ba shi kaɗai ke da tambayar ba. To ga yadda abin ya kasance. Ba don in wanke kaina na zauna rubuta shi ba, sai don kada 'ya'yana su tashi su ji ana cewa Gwaggo wata tsohuwa ce mai taurin kai, su ɗauka iyakarta ke nan.

Yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyata, ta tafi da ni rugar mijinta, wani Bafulatanin gida mai shanu, can bayan Runka. Sunan mahaifinta aka raɗa mani, saboda haka har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mani, ko tana lallashi ko tana faɗa. Faɗan kuwa ta iya shi.

Mace ce da komai da hanci take gane shi. Ta shinshina ƙwarya ta ce ba a shanya ta ba. Ta shinshina nono ta gaya maka saniyar ta ci wani ganye. Ta shinshina kaina ina yaro ta ce zazzaɓi na tafe, kuma ya zo. Da safe shanu take fara gaisarwa kafin mutane, tana kiran kowace nagge da sunanta. Mijinta ya sha cewa shi ma da yana da ƙaho da ya samu gaisuwar fari.

Da shekarun masifa suka shigo, rana tsaka aka zo aka kora garken gaba ɗaya, har da maruƙan da ke turke. Mijinta bai yi wani ciwon kirki ba. Zama ya yi ta yi a bakin mashekarin da ba komai cikinsa, yana ramewa, har aka wayi gari ya cika. Aka rufe shi nan gefen ruga. Ni kuwa na je na ɗauko Gwaggo kusan da ƙarfi, tana tirjewa tana ce mani marar kunya. Kayanta ƙullin tufafi ne, da ƙwarya, da wani ɗan kwano mai murfi da ta tura ƙarƙashin gado ta ce kada yara su taɓa.

Ba ta daɗe ba ta fara: "Babana, yaushe za ka mai da ni?" Bukatarta ɗaya ce, kuma ba ta ɓoye ba: ta mutu a ɗakinta, a kwantar da ita kusa da mijinta. Tawa ma ɗaya ce: kada in bar uwar da ta raine ni ta koma inda ake harbin mutane a gona. A kan wannan muka yi ta ja-in-ja, ni da ita, har ƙarshe.

Kiwon kaji ba sha'awa ta sa ni shi ba. Albashi ya daina kaiwa ƙarshen wata, gonarmu ta gado kuma ba mai iya zuwa. Sai na gyara wani ɗaki a bayan gida, na baza ɓuntun shinkafa, na fara zuba kajin turawa, fararen nan na nama da ke tashi kafin wata biyu. Ranar da aka kawo kwalin 'yan tsaki na farko Gwaggo ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Ina uwarsu?"

"Ba su da uwa, Gwaggo. Inji ke ƙyanƙyashe su."

"Inji! A'uzubillahi. To mi za su zama, abin da bai taɓa shiga ƙarƙashin fiffike ba? Marayu kawai." Ta yi tsaki ta koma ɗaki. Namansu ma ta ce ba ta ci, wai kamar ana tauna auduga.

Ga shi kajin sun ba ta gaskiya. Zubin farko da na biyu abin kunya ne. Su ci, su ci, amma ba girma. Zawo ya jiƙa ɓuntun, gindinsu ya manne da kashi, ka ga kaza ta takure ta saki fiffike. Na yi abin da kowa ke yi, na dinga fasa kafson nan ja-da-yalo ina zazzagewa a ruwan shansu. Malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, wani dattijo mai haƙuri da aka turo daga Katsina, ya zo ya gani ya girgiza kai. Ya ce kafson nan ba ya tantance ƙwayar cuta da ƙwayar amfani a cikin hanji, duk kashewa yake yi. Ranar da ciwon gaske ya zo kuma ba zai ƙara ci ba, ga shi yana saura a naman da mutane za su ci. Ya ce matsalar kajina a hanji take, abincin wucewa kawai yake yi, ba ya zama jiki.

Shi ya haɗa ni da wata hoda da ake gaurayawa cikin abinci kaɗan-kaɗan. Ya ce da sinadaran tsamin da ke cikin mai aka yi ta, wani irin na man shanu, wani irin na alayyadi. Aikinta ta ciyar da fatar cikin hanji ta yi ƙwari ta riƙa tsotse abinci, ta kuma sa cikin ya ɗan yi tsami yadda miyagun ƙwayoyi ba su jin daɗin zama. "Ba magani ba ce, Malam, gyaran ciki ce," ya ce. "Ka kiyaye awo. Sai dai ka gargaɗi iyalinka, tana da wari."

Wari kam! Bayan la'asar na yanke bakin ledar a tsakar gida. Maiɗakina ta toshe hanci ta ruga kicin tana cewa in fita da abin nan, wai kamar jariri ya yi tumbuɗi an manta da zanen a lungu. Yara suka watse. Sai ga Gwaggo ta fito, ita da ke yini a kwance fuska ga bango. Ta taho a hankali, hanci a sama, ta tsuguna gaban ledar, ta ɗebi hodar da yatsu ta kai hanci. Ta rufe ido.

"Wa ya kawo gora gidan nan?"

"Wane gora kuma, Gwaggo?"

"Goran kaɗa nono. Wanda ya kwana biyu ba a wanke ba." Ta sake shinshinawa, sai na ga hawaye na bin kuncinta. Tun da aka kora shanun ban ga kukanta ba, ko ranar da aka rufe mijinta. "Warin ɗakin Innarmu ne wannan, Babana. Warin ɗakina ne." Ta daɗe a tsugune. Can ta share fuska da gefen zane, ta ce kamar mai faɗa, "To marayun nan za a ba? Tashi ka nuna mani yadda ake yi, kai hannunka bai iya cuɗa ba."

Daga ranar ɗakin kaji ya zama nata. Ta bar kwanciyar rana. Da safe, da ta idar da salla, za ka ji ta tana yi masu magana da irin muryar da take yi wa maruƙa. Awon murfin kwalba malamin dabbobi ya nuna mana. Sai ta fara cuɗa hodar da ɗan abinci a ƙwaryarta, sannan ta juye a babban baho ta yi ta juyawa har gwiwar hannu, don kada wata ta samu da yawa wata ta rasa. Tana da ɗan tsinken da take tona kashinsu da shi tana dubawa, yadda take duba na shanu da can. In ta ga ya ɗaure, da ɗan fari a kansa, sai ta ce, "Yawwa, ciki ya zauna." In aka yanka kaza a gida, hanjin take fara karɓa, ta miƙe shi a kan faifai ta matsa da farce. Na zubin farko, in ji ta, ko taɓa shi ka yi sai ya fashe. Na yanzu kuwa sai ta ja shi ta nuna wa maiɗakina, tana taƙama kamar ita ta saƙa shi. In baƙo ya ce mata sannu da kiwon kaji, sai ta ce, "Ni ba kaji nike kiwo ba, hanji nike kiwo. Kazar binsa take yi." Suna ne dai ta ƙi raɗa masu. Ta ce ba ta raɗa wa abin da za a yanka tun ba ta gama sanin halinsa ba.

Kuma abin ya yi. Ba zan ce hodar ce kaɗai ba, don Gwaggo ta hana ɓuntu jiƙewa, ta hana ruwa kwana a mazubi. Amma zawo ya ragu, na daina fasa kafso, kaji suka fara cika hannu.

Faɗanmu mafi zafi a kan man shanu muka yi shi. An kawo sabbin 'yan tsaki, hanya ta wahalar da su, wasu sun yi laushi. Aikin jarrabawa ya riƙe ni a makaranta, ban kula sosai ba. Da na samu shiga ɗakin sai na tarar abincin ya dunƙule yana maiƙo, ƙudaje sun taru, gashin 'yan tsakin ya manne, zawo ya dawo fiye da na da. Na ɗebo abincin na shinshina. Man shanu ne, na gaske, an narka shi an kwarara.

Na fito ina huci. "Gwaggo, me kika zuba wa kajin nan?"

"Abin da ya fi hodarka. Ba kai ka ce abin da ke cikin man shanu aka kwaikwaya ba? To ga na ainihi. In ji wa kwaikwayo ya fi shi?"

"Haba Gwaggo! Waɗannan ba maruƙa ba ne! Cikinsu bai kai ɗan yatsa ba, kin cika masu shi da mai, ga zafin nan ya lalata abincin. Wa ya aike ki?"

"Ni kake ce wa wa ya aike ni? Ni da na ɗura maka man shanu kana tari kamar za ka sheƙe?"

"Ni mutum ne, su kaji ne!"

"Yo ai na gani. Kajin sun fi ka ladabi."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Har yau ina nan a kan bakana, kuskure ta yi. Malamin dabbobi ma da ya zo haka ya gaya mata, cikin girmamawa. Ya ce abin da ake bukata ɗan mitsitsi ne a cikin man, shi aka ware aka lulluɓe yadda zai wuce har hanji kafin ya narke. Man kansa nauyi ne ga ɗan tsako, kuma ba ya jure zafi a cikin abinci. Ta saurare shi tsaf, ta ce, "To, Malam, na ji. Su dai Nasara komai sai sun cire masa daɗinsa."

Abin da ban sani ba, sai da maiɗakina ta ja ni gefe ta nuna mani ɗan kwanon nan mai murfi, a kife a wurin wanke-wanke. Soyayyen man shanu ne ke cikinsa, na tatsar ƙarshe da Gwaggo ta yi kafin a kora garken. Ba ci take yi ba, in ji maiɗakina, buɗewa take yi ta shinshina ta mai da murfi. Shi ta juye wa 'yan tsakin kaf don ta ga sun yi laushi. Na je bakin ƙofarta na tsuguna na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri da ɗaga murya." Daga ciki ta ce, "Sun mutu da yawa ko?" Na ce kaɗan ne. Ta ce, "Kada ka yi mani ƙarya, ni na kwashe su." Rannan ba ta ci tuwo ba, kuma ba don ni ba.

Kowane zubi ba ya rasa 'yan tsumburarru, waɗanda manya ke tattakewa a bakin abinci. Gwaggo ta ce waɗannan nata ne, ladan aikinta. Ta kife masu kwando a ƙofar ɗakinta, ta ware masu abinci da ɗan barbaɗin hoda, ta yi ta lallaɓa su har su yi nama. Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Da ta ji wata cikin matan da ke fake a kangayen bayan gari ta haihu, sai ta rungumi kaza cikin mayafi ta tafi barka. Maiɗakina ta tsokane ta ta ce, "Gwaggo, auduga za ki kai wa maijego?" Ta ce, "Rufe mani baki, 'yar nan. Wannan a hannuna ta tashi."

Duk wannan bai sa ta manta da ruga ba, sai dai maganar ta canza. Maimakon yaushe za ka mai da ni, sai ta koma, "Bari waɗannan su tashi, sai ka mai da ni." Ni kuwa na samu abin riƙo. Na raba ɗakin biyu da zana, kafin manya su fita na riga na zuba ƙanana a ɗaya ɓangaren. Ranar da mai gashi ya kwashe na ƙarshe, ta juyo za ta yi magana, sai ta ji kukan 'yan tsaki a bayan zana. Malamin dabbobi ya gargaɗe ni. Ya ce ƙa'ida ita ce a kwashe duka, a wanke ɗaki, a bar shi ya sha iska kafin a sake zubi, in ba haka ba ƙanana na gadar cutar manya. Na ce to, na ci gaba da abina. Na gwammace in yi asarar kaji da in yi asarar Gwaggo, kuma ko yau aka mai da ni can ban ce zan yi daban ba.

Ita ma ba ta ruɗu ba. Wata rana tana cuɗa abinci, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Babana, ka ɗauka ban gane ba? Da ɗiyan kaji kake ɗaure ni."

"To ki kwance mana, wa ya riƙe ki?"

"Ka san ba ni tafiya in bar abu mai rai da buɗaɗɗen baki. Ka sani sarai, shi ya sa." Ta ci gaba da cuɗawa. "Ɗan nema kawai." Tana murmushi ta faɗa, ni ma na yi dariya, amma duk mun san ba wasa muke yi ba.

Ɗakin ne ya raba gardamar. A shekarar da masara ta yi wuya saboda an bar gonaki, abincin kaji ya yi tsada ya kuma rage kyau, ɗakin da bai taɓa hutawa ba ya fara ramawa. 'Yan tsaki suka shiga kashin jini. Na ƙara awon hoda, a banza. Malamin dabbobi ya ba da maganin da ya dace, ya ceto waɗanda za su cetu, sannan ya dube ni ya ce, "Na gaya maka gyaran ciki ce, Malam. Ba ta wanke ɗaki." Kowace safiya Gwaggo ke shiga ta fito da matattu a ƙwarya, ta je bayan gida ta haƙa rami ta rufe su. Ba ta yarda a jefa su bola ba.

Rannan ina sa takalmi zan tafi makaranta, ta fito da ƙwaryar ta dire a gabana.

"Duba su."

"Na gani, Gwaggo."

"A'a, duba su da kyau. Ko shanu, in mashekari ya tsufa tashi ake yi a sake wuri. Kai ka sani, a ruga ka tashi. Waɗannan ba cuta ta kashe su ba, ni da kai muka kashe su. Kai kana zubawa don kada in tafi, ni ina karɓa don ba ni iya ƙi. To ni dai na gama. Ba a ƙara kashe rai saboda ni."

Da sauran suka isa sayarwa na sayar, ban aika a kawo wasu ba. Ita da kanta ta kwashe ɓuntun, ta kankare daɓen, muka wanke bango, muka shafa farar ƙasa, muka buɗe tagogi. Gidan ya yi tsit. Da yamma na ga ƙullinta a bakin ƙofa.

Lokacin damina ta fara sauka, ana cewa an ɗan samu lafawa. Wasu mutanen yankinmu sun lallaɓa sun koma yin shuka, har da maƙwabcinsu na ruga da matarsa. Na zauna gabanta na yi magiya, na yi faɗa, na kawo mata labarin waɗanda aka ɗauke da waɗanda aka kashe. Ta bar ni har na gama.

"Babana, duk na sani. Ka riƙe ni da kyau, Allah Ya yi maka albarka, matarka ma ba ta taɓa ɓata mani ba. Amma ni nan baƙuwa ce, kuma jikina yana gaya mani ba ni da nisa. In na mutu nan za ku kai ni cikin mutanen da ban san kowa ba. Shi kuma yana can shi kaɗai cikin ciyawa. In ka hana ni, ba ni yi maka baki, zan zauna. Amma ka sani kai ka hana ni."

Wannan maganar ce ta karya ni. Da kuka ta yi, ko ta ce za ta gudu, wallahi da na kulle ƙofa. Amma ta ɗora mani abin a hannu, na duba na ga ba ni da ƙarfin ɗaukarsa. Tsohuwa ce mai hankalinta, ita ta goya ni, kuma abu ɗaya tak ta taɓa roƙona a duniya.

Ranar kasuwar Runka ni na ɗauki ƙullinta zuwa tasha. Na samar mata gaban a-kori-kura, kusa da direba. Sai da ta zauna ta fara tunawa, ta leƙo ta taga tana ba ni umarni. Kada in yi gaggawar zubi, in bar ɗaki ya bushe sosai. In fara cuɗa hoda a ƙaramin mazubi kafin babba. In daina ɗaga wa iyalina murya. Sannan ta kama kaina da hannu biyu ta jawo ta shinshina, a gaban 'yan kamasho da kowa da kowa, ni da furfura a gemu. Ta ce, "Lafiyarka lau." Na ce, "Gwaggo, don Allah da kin isa ki aiko mani." Ta ce, "Za ka ji." Mota ta tashi.

Ban ji ba. Ba a jima ba abubuwa suka sake rincaɓewa, aka katse layin waya a yankinmu baki ɗaya, kasuwanni suka daina ci, motoci suka bar bin hanyar. Na yi yunƙurin zuwa, direbobi suka ce ko da me zan roƙe su ba mai shiga. Damina ta yi tsakiya, gero ya fitar da kai, ni ban san ko Gwaggo ta sauka daga motar nan lafiya ba. Na sake zuba kaji don ba yadda zan yi, suka kuwa tashi lafiya lau a ɗakin da ya huta. In na yanke bakin ledar hoda sai in tsaya cak, yara su ce Baba me ya faru, in ce wari ne ya shiga mani ido. Na yi kewarta, na yi fushi da ita, na yi fushi da kaina, duk a yini ɗaya.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa da ta tausaya wa duk abin da Ka ba rai. Ka yalwata mata makwanci, Ka sada ta da mijinta a inda ba mai korar garke. Ka dawo mana da ƙasarmu lafiya, mu je mu ga kabarinta tun ana iya gane shi.

Matar maƙwabcin nan nasu ce ta kawo labarin. Da hantsi ta yi sallama, ƙafafunta duk sun faffashe, rabin hanya a ƙasa ta yi ta. Ina ganinta gabana ya faɗi. Aka ba ta ruwa ta sha, muka gaisa. Ta tambayi iyali, na tambayi mutanen gida, ta tambayi aiki, na tambayi damina, muka yi ta jan gaisuwar don kowa na tsoron abin da ke bayanta. Can ta gyara mayafi ta ce, "Malam, saƙo biyu gare ni. Ka bar ni in ba ka su yadda suka zo."

Na ce to.

"Na farko, ranar da ta sauka, ko ƙullinta ba ta kwance ba ta kira mu. Ta ce, duk wanda ya riga shiga Batsari ya gaya wa Babana na iso lafiya, na tarar da ɗakina a tsaye, ya kwantar da hankalinsa. To Malam, tun rannan ba wanda ya samu fitowa sai ni yau." Ta dubi ƙasa. "Na biyu kuma, sai haƙuri. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba. A ɗakinta, da kalmar shahada a bakinta. Ni na yi mata wanka. Maza kaɗan ne suka rage, amma sun yi mata salla, sun sa ta kusa da shi."

Maiɗakina ta fashe da kuka a bayana. Ni kuwa na zauna ina kallon matar nan. Can na ce, "Iya, don Allah sake faɗa mani na farkon."

Ta sake faɗa.